Sandar shafa mai a gadon baya: saƙona daga Luton zuwa Gwammaja

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya kuma sanyi? Na ga hoton da kika turo, hazo ya rufe Dala ruf, ko Goron Dutse ba a hange. Allah Ya sa mu ga wucewarsa lafiya.

Kin matsa sai na ba ki labarin abin nan da kika hango rataye a bayana ranar da muke hira ta bidiyo, har kika kira Inna ta zo ta ga 'yarta ta koma tuƙa tuwo a banɗaki. To ba muciya ba ce, ko da yake ba ki yi nisa da gaskiya ba. Sandar shafa mai ce. Da ita nake shafa wa bayana mai, kuma da kuɗina na saye ta, har sau uku ma kafin in dace.

Mu a Kano mun san hunturu: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi furu-furu kamar an birkiɗa su a toka. Da na zo nan garin Luton na ƙasar Birtaniya a 2023 na ɗauka tunda kullum cikin yayyafi ake, fata za ta huta. Ashe nasu hunturun a cikin ɗaki yake. Daga wajen Oktoba har Afrilu hita a kunne take, wasu ƙarafa ne manne a bango da ruwan zafi ke zagayawa a cikinsu, suna busar da iskar ɗaki ƙayau. Ga ruwan famfon Luton mai alli, don garin a kan duwatsun alli yake zaune. In kika leƙa butar dafa shayi za ki ga farin ɓawo ya kama gindinta, sabulu ma da ƙyar yake kumfa. Hannu da ƙafa da fuska duk ina iya yi musu hidima. Amma akwai wani fili tsakanin allunan kafaɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, nan ne ƙaiƙayi ya kafa sansani. Ga shi kafaɗar dama ta riƙe saboda aiki, ba na iya lanƙwasa hannun baya. Wallahi Yaya, akwai daren da na tashi ina goga bayana a jikin ƙyauren ɗaki kamar akuya a gindin katanga.

Ganin likita a nan kyauta ne, haka tsarin lafiyarsu yake tun 1948, amma sai an yi haƙuri. Ƙarfe 8 na safe za ki buga waya, ki tarar mutane sun riga ki layi, a ba ki rana, in ranar ta zo a ba ki minti goma. Magani kuma a Ingila kowane guda da likita ya rubuta fam 9.90 ne, sai dai wanda ya kai shekara 60 da yara da masu ciki ba sa biya. Na tuna mai kemis ɗin kan layinmu, ki je da silifas ki faɗa masa damuwarki, kafin shayi ya huce kin dawo gida da ƙullin magani. Saurin nan na yi kewarsa ƙwarai. Abin da ban yi kewa ba shi ne jujjuya kwali ana duba lambar NAFDAC ana addu'ar Allah Ya sa ba jabu ba ne. Likitar ta duba ta ce bushewar fata ce kawai, ta rubuta min wani mai a babbar roba, ta ce in riƙa shafawa a bayan gaba ɗaya safe da dare. Na ce mata to wa zai shafa min? Ko ɗagowa ba ta yi da mamaki ba, da alama tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinta. Ita ta ce in nemi sandar.

Ta farko da na saya doguwar roba ce, ta kai kamu biyu, da soso mai laushi a kanta. Ana matsa mai a kan soson a ɗaga ta saman kafaɗa a goga. Tana kaiwa inda ake so, sai dai soson ɓarawo ne, rabin man shi yake sha. Bayan mako biyu ya fara wari, don ba ya bushewa a banɗakin da ko taga babu. Ta biyu ta fi tsada da ƙyale-ƙyale. Kanta kamar faifai ne, ana buɗewa a zuba mai a ciki, ga ƙananan ƙwallaye da ke juyawa suna fito da shi, wai har tausa suke yi. Da man ruwa-ruwa lafiya lau. Ranar da na narka ɗan man kaɗen da na zo da shi na zuba, kafin gari ya waye ya daskare ya toshe ƙwallayen, na yi ta jiƙa ta a ruwan zafi har na haƙura. A nan doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki a mayar masa da kuɗinsa, ba rantsuwa ba jayayya. Amma kayan tsabtar jiki da aka rufe da leda, in kin ɓare shi ke nan. Haka fam 14 ɗina ya bi ruwa. Ki lissafa a kan wajen naira 2,000 duk fam ɗaya, amma don Allah kar ki gaya wa Inna.

Wadda kika gani ita ce ta uku. Kanta wata roba ce mai santsi wadda ba ta shan mai, wuyanta kuma a ɗan lanƙwashe yake, shi ya sa ba sai na ɗaga hannu sosai ba. In na gama na wanke ta da sabulu na rataye. Akwai wata iri kuma da abokiyar aikina 'yar Gana take amfani da ita, wadda ba sanda ba ce, ɗamara ce mai mariƙi a kowane gefe. A shafa mai a tsakiyarta, a zagayo da ita ta baya, a riƙa ja dama da hagu. Da na gan ta dariya ta kama ni, domin soson ragar nan ne da muke wanka da shi tun muna yara, wanda ake yanko mana a Kasuwar Rimi. Kuma shi kansa soson ragar yanzu ya shiga gari a nan, ana sayar da shi a intanet da sunan soson Afirka, kuɗin guda ɗaya zai saya wa gidanmu duka har da maƙwabta.

Sai da na shiga shagon da ake sayar da kayan tsofaffi da masu lalura na gane ashe sandar nan tana da dangi. Akwai na sa safa ba tare da an sunkuya ba, akwai mataji mai dogon hannu, akwai sanda mai baki kamar hantsaki don ɗauko abin da ya faɗi ƙasa, akwai na wanke tsakanin yatsun ƙafa. Duk abin da a gidanmu za a ce “kai, zo ka miƙo min”, a nan an ƙera masa ƙarfe ko roba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na gidajen ƙasar nan mutum ɗaya ne a ciki, sama da mutum miliyan 8 ke nan, da yawansu tsofaffi. Mu muna cewa zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka. Wanda ya kwana shi kaɗai ya tashi shi kaɗai, wa zai cuɗe shi?

Da farko tausayinsu kawai nake ji. Ina tuna yadda Inna take zaunar da mu a tsakar gida bayan wanka, ta lakato Basilin ta murza a tafinta ya yi ɗumi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana faɗan mun cika motsi. Ina tuna wankan jegonki na fari, Gwaggo tana fyaɗa miki ruwan zafi da ganyen darbejiya, ta gama ta bi bayanki da mai tana danna miki ƙugu. Babu sandar da za ta yi wannan. Amma aikin gidan kula da tsofaffi ya sa na rage saurin yanke hukunci. A wurin aiki mu muke shafa musu mai, da safar hannu, kuma duk shafawa sai an rubuta lokaci an sa hannu. Akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin, kullum na zo sai ta karɓi robar ta ce in juya baya, ita za ta yi da sandarta. Tana ɗaukar minti goma a abin da zan gama a minti ɗaya, wani wurin ma ba ta kaiwa. Amma in ta gama sai ki ga fuskarta ta washe. Ba ta son a ga tsiraicinta, ba ta kuma son ta zama kaya.

Ita ce ta sa na tuna Kawu. Tun rasuwar matarsa wa yake shafa masa mai a baya? 'Ya'yansa maza suna kasuwa tun safe, su dawo bayan isha'i. Surukarsa kuwa kin san ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai tuɓe riga a gabanta ba, ita ma ba za ta iya ba. Kin tuna yadda yake jingina da ginshiƙin zaure yana ɗan motsa kafaɗa yana jan carbi, mu muna ɗauka gyangyaɗi yake? Gida cike da mutane, amma kunya ta hana shi hannu ko ɗaya. Irin su Kawu suna da yawa a cikin Birni, da zawarawa, da ɗalibai a ɗakunan kwana na Jami'ar Bayero, da wanda ya karye a hannu aka ɗaure shi. Masu talla a danja suna yawo da ɗan hannun robar nan na susar baya, amma susa ƙara tsaga busasshiyar fata take yi. Na shafa mai ne ya kamata su ɗauko.

Kuma abin ba ya buƙatar jirgi. Garin da ke da kamfanonin roba a Sharada da Bompai da Challawa, ana buga bokiti da buta da kujera, ba zai gagara buga sanda mai lanƙwasa ba. Kafin su farga ma, ki sami masassaƙi a Kurmi ya fiƙe miki muciya siririya mai faɗin kai, ya goge ta sumul, a naɗe kan da fata mai laushi wajen dukawa. Ko tela ya ɗinka irin ɗamarar nan da yadi mai santsi, ya sa mata hannu biyu. Ba na jin duka zai kai kuɗin kwanon shinkafa.

Ga abin da na koya wajen ma'aikatan jinya, ki gaya wa Inna. Man ya fi kama jiki in an shafa da an fito wanka, an ɗan tsane ruwan da tawul, fata da sauran danshi. A shafa a hankali ta inda gashi ya kwanta, kar a murza da ƙarfi. In man na roba ne mai faɗin baki, a ɗebo da cokali mai tsabta, a daina tsoma yatsa. Sai babban, wanda shi ne ya tayar min da hankali. A jikin robar da aka ba ni an buga gargaɗin wuta. Hukumar kula da magunguna ta ƙasar nan ta yi jan kunne a kai, domin irin man nan in ya jiƙa tufafi ko zanen gado ya bushe a ciki, yadin yana kama wuta nan da nan, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. An rasa rayuka a nan ta haka, yawanci tsofaffi masu shan taba ko masu zama kusa da hita. Ina karantawa sai ga Inna a idona, ta sha Basilin tun daga wuya har ƙafa, ta ja kaskon garwashi gabanta ta baza zane, ko ta tsuguna a kan turaren wuta. Don girman Allah a riƙa nisanta mata kaskon, kuma zanen da take kwana da shi kar ta zauna da shi a bakin murhu.

Wajen kayan aiki sun fi mu, wannan ba gardama. Wajen man kuwa ban ga wanda ya kama ƙafar man kaɗenmu ba. A manyan shaguna kamar Boots za ki ga an jera mayuka an rubuta sunan kaɗanya ɓaro-ɓaro a gaban kwalba, in kika juya bayanta sai ki tarar ruwa ne a farkon jerin abin da aka haɗa, kaɗen yana can ƙasa. Tsantsarsa kuma ɗan gwangwani kamar na tumatir sai ki ajiye kuɗin cefanen kwana biyu. Wanda na zo da shi saura kaɗan, ina lakatarsa kamar kwalli.

Ɗan maƙwabtanmu da ke karatu a nan zai taho gida ƙarshen wata, ta Alƙahira zai biyo ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na ba shi sanda biyu irin tawa. Ɗaya ta Inna, ko da yake na san cewa za ta yi tana da jikoki. Ɗayar ki ba yaron gidan Kawu ya ajiye masa a ɗaki kusa da buzunsa, kar a ce daga wurina take, kar kuma a yi masa bayani a gaban mutane, zai gane da kansa. In ɗan maƙwabtan namu zai dawo ki haɗo ni da man kaɗe mai kyau, wanda ba a gauraya ba, kamar kilo biyu, a ɗaure shi sosai a sa a babbar jaka. Ki sa soson raga guda huɗu, biyu na abokiyar aikina ne, da sabulun salo da dutsen goge kaushi. Kilishi da man shanu kar a sa ko kaɗan, ba a shigowa da nama ko kayan madara, ƙwacewa za su yi a filin jirgi su bar yaron mutane da bayani. Kuka da kuɓewa busasshiya dai a cika.

Ki gaishe min da Inna da Gwaggo da yaran duka. In kin je Kurmi wajen masassaƙin, ki turo min hoton abin da ya fitar.