Gargaɗi ga masu tayar da BMW E36: ana sayar da injin 2.0 da sunan 2.8

Jama'a, musamman 'yan'uwa na Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yauri da suka ɗauko tsohuwar BMW E36 suna tayar da ita a hankali, a yi hattara da masu tallar inji a Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan mota. Tallar kusan iri ɗaya ce kullum: "Injin 328i, ɗan Beljiyam, ba a taɓa buɗe shi ba, da biren bos da wayarin ɗinsa." Sai bidiyon inji yana aiki lafiya lau, sai farashi mai sauƙin da zai sa mutum gaggawa, sai a ce wani daga Sakkwato ma yana so, a turo kafin alƙalami a riƙe maka.

Masu wannan sana'a iri biyu ne. Na farko ba shi da inji ko kaɗan, bidiyon wani ya kwaso. Da ka tura rabin kuɗi zai ce kaya sun taso daga Kwatano, kwana biyu ya ce an tsare su a Kamba sai an ƙara na kwastan, daga nan na direba, daga nan layi a kashe. Wannan tsohuwar damfara ce, kuma gane ta ba wuya: sunan da banki ya nuna maka kafin ka tura ba shi ne sunan mai tallar ba, zai ce asusun ƙanensa ne ko na mai POS ɗin unguwarsu, kuma ba ya yarda da kiran bidiyo kai tsaye.

Na biyun shi ne abin tsoro, don shi yana aiko da inji. Inji ya iso tasha, silinda shida, tambarin BMW a kai, an wanke shi tas. Ka biya cikon kuɗi, bakanike ya ɗora, mota ta tashi. Sai ka hau hanyar Kalgo ka taka, ka ji babu abin da ya ƙaru a kan tsohon injinka. A lokacin shi kuma ya riga ya sami abin faɗa: ai bakanikenka ne bai iya saiti ba.

Abin da ya ba su ƙofa shi ne, injinan silinda shida na E36 kamanninsu ɗaya daga waje. Jinsinsu biyu ne, M50 da M52, kuma kowanne ya fito da girma daban-daban a cikin jiki kusan iri ɗaya. Na 320i mai lita 2.0 ƙarfin doki 150 yake bayarwa. Na 325i mai lita 2.5, wato M50B25, 192. Na 323i shi ma lita 2.5 ne amma M52B25, 170 kawai. Na 328i, M52B28, 193 a ƙirar Turai, kuma ya fi dukansu ƙarfin ja tun daga ƙasa. Saboda haka da wuya hoto ko bidiyo ya nuna girman inji, ko da kuwa wanda ke kallo tsohon bakanike ne.

Wurin farko da ake dubawa shi ne lambar inji. Tana jikin bulok a ɓangaren manifol ɗin iska, can ƙasa, a wani ɗan fili da kamfani ya goge sumul. A wanke da fetur, a haska da tocilan. Lambar da ta fara da 206S lita 2.0 ce, 256S lita 2.5, 286S lita 2.8. Ta ƙarshe tana nuna zubin: 256S1 shi ne M50 na farko, 256S2 mai VANOS (na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul) wanda ya fara a 1992, 256S3 na 323i, 286S1 kuma shi ne na 328i da ake nema. In ka ga 286S2, lita 2.8 ne da gaske, amma M52TU ne na wasu ƙirar BMW, E46 ko E39, kwamfutarsa da maƙogwaron iskarsa daban, ba ya zama a E36 sai da aikin waya mai yawa.

To amma lamba ana sake ta. Sifilin 206 ake cikewa a buga 8 a kai, ko a bi filin duka da giranda a buga sabuwa da ƙarfen buga lamba na kasuwa. Sa yatsa ka shafa. Filin kamfani a miƙe yake, lambobin a jere kan layi ɗaya, zurfinsu ɗaya. Wanda aka taɓa yakan ɗan lotsa a tsakiya, da zanen giranda, wata lamba ta ɗaga wata ta sunkuya. In kuma ka tarar an shafe wurin da sabon fenti mai kauri alhali sauran jikin bulok ɗin da tsohuwar ƙura, biri ya yi kama da mutum.

Abin da ba sa iya sakewa shi ne tafiyar fistin, kuma wannan awon shi ne gaskiyar magana. Ba ya buƙatar a buɗe inji, ba ya buƙatar batir. A cire koyil shida, a kwance fulogi duka da bos, wato sifanar fulogi, mai lamba 16 don inji ya juya da sauƙi. A sami sanda siririya, miƙaƙƙiya, mai tsawon kamar santimita 30, ta katako mai ƙwari ko waya mai kauri da aka goge bakinta, ba abin da zai karye ya faɗa ciki ba. A zura ta ramin fulogi na silinda ta ɗaya har ta zauna a kan fistin. Mutum ɗaya ya riƙa juya inji a hankali da babban kusoshin fulin gaba, ta hannun da agogo ke juyawa, ɗaya yana riƙe da sandar a tsaye. Inda ta gama hawa, a ɗora rula a bakin ramin a yi mata alama da biro. A ci gaba da juyawa har ta gama sauka, a sake alama a daidai wurin nan. A zaro a auna tsakanin alamun biyu. Milimita 66, injin 2.0 ne. Milimita 75, na 2.5. Milimita 84, na 2.8. Tazarar milimita 9 ce tsakanin kowanne, ko da hannu ya ɗan karkace ba za a rikita su ba, tunda fulogin waɗannan injina a tsakiyar silinda yake, sanda tana sauka a miƙe. Mai kayan da ya hana a yi wannan awon, ko ya ce kwance fulogi zai ɓata masa inji, ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganaɗisu. Bulok ɗin M50 baƙin ƙarfe ne, yana kamawa. Na M52 ƙirar Turai alminiyam ne, ba ya kamawa. Da wannan ake raba lita 2.5 guda biyun nan a ƙirar Turai: awo 75 kuma maganaɗisu ya kama, na 325i ne mai 192, bai kama ba, na 323i ne mai 170, kuma bai kamata kuɗinsu ya zo ɗaya ba. In awo ya ba da 84 maganaɗisu kuma ya kama, wannan 328i ne na Amurka, don can da bulok na ƙarfe aka kai musu. A ganinmu, ga mai zama a zafin Kebbi, bulok na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali ko da ya fi nauyi.

Dalili kuwa, M52 na Turai da aka ƙera kafin wajajen 1998 ba su da hannun riga na ƙarfe a cikin silinda, wani shafe ne mai suna Nikasil a jikin alminiyam. Fetur mai yawan sinadarin farar wuta yana cinye shi, abin da ya addabi masu irin motar a Ingila a shekarun 1990 ke nan, kuma man da aka daɗe ana sha a ƙasashenmu ba ya rasa wannan sinadari. Saboda haka injin da aka ciro daga motar da ta yi shekaru tana yawo a Kwatano ko Yamai, aka wanke aka ce yanzu ya sauka daga jirgi, yana iya zama 2.8 na gaskiya amma cikinsa ya ƙare. Alamarsa wuyar tashi da safe, karkarwa in yana tsaye, da shan baƙin mai. Sauya zoben fistin ba ya magance shi.

Shi ya sa bayan awon sanda sai awon matsi. In injin yana haɗe da giyabos da sitata, a ɗaura geji a kowace silinda, maƙogwaro a buɗe, a ba shi wuta har allura ta tsaya. Kada wata ta gaza 10 a ma'aunin matsi na bar, kuma kada bambancin babba da ƙarama ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a sake. In ta ɗaga sosai, zobe ne ko jikin silinda. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. In babu sitata, a kai fistin sama daidai lokacin da bawul duka suke rufe, a riƙe fuli da kyau, a hura iskar kwamfaresa ta ramin fulogi, ko ta mai faci ta isa, a kasa kunne. Iska ta murfin baƙin mai, zobe. Ta manifol, bawul. Ta hanyar ruwa, gaskit ya ƙone ko tof silinda ya tsage, kuma wannan na ƙarshe shi ne ciwon gidan: famfon ruwansu na asali mai fuka-fukan roba ne, wuyan lagireto ma roba, in suka saki inji ya yi zafi. Bulok na alminiyam da ya taɓa dahuwa, ranar da aka zo ɗaure kusoshin tof, wanda ake ƙara wa juyi digiri 90 sau biyu, sai zaren ramin ya biyo kusoshi. A leƙa ƙarƙashin murfin baƙin mai, in da wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. In kuma man da ke ciki ya yi kauri fiye da kima har yana warin man giya, an zuba ne don a ɓoye ƙara da hayaƙi.

Maganar biren bos, wato kwamfutar inji, ma akwai tarko. Motocin da aka ƙera daga farkon 1995 suna da makullin hana sata da ake kira EWS. Kwamfutar inji, akwatin EWS da ƙwayar da ke cikin makulli dole su san juna. Sai a aiko maka da kwamfuta ita kaɗai, sitata ta yi ta juyawa babu wuta babu mai, ka kira shi, ya ce ai yana da wata amma sai ka ƙara kuɗi. A cikin ciniki tun farko a faɗa: ukun nan daga mota ɗaya, da wayarin da ba a datse ba, da mitar iska. A duba kaskon baƙin mai kuma. Na E34, wato 525i ko 520i, tulunsa a gaba yake, na E36 a baya. Injin E34 yana shiga E36, amma sai an sauya kasko da bututun tsotson mai da sandar awo, kuma kuɗinsu a kanka.

Masu ƙara wa mota kayan gudu, abu biyu. Manifol ɗin M50 da ake ɗora wa 2.8 don ya sha iska sosai, na lita 2.5 ne ake nufi. Na 2.0 ramukansa ƙanana ne, ba ya ƙara komai, kuma shi ake yawan miƙo wa wanda bai sani ba. Sai aksul ɗin baya mai riƙe ƙafa biyu, wanda ake kira LSD. Na gaskiya akwai harafin S gaban lambar da ke kan ɗan ƙarfen da aka maƙala a murfinsa, kamar S3.15. Gwajin da kowa ya sani shi ne a juya gefe ɗaya, ɗayan ya bi shi. 'Yan damfara ma sun san shi, sai su kai wa mai walda ya like ƙananan haƙoran ciki, gefe biyu su riƙa juyawa tare. A riƙe gefe ɗaya gam, a sa dogon ƙarfe a murɗa ɗayan: na gaskiya zai saki a hankali da nauyi, na walda ko gezau. Mafi sauƙi a kwance murfin baya a gani da ido. Aksul mai walda yana jan taya a kwana, yana cin shaf, kuma ranar da aka yi ruwan farko kwalta ta yi santsi yana iya juya mota. Ita kuwa motar da aka manna wa bamba da madubi da tambarin M3, a duba lambar shasi: M3 ta gaskiya da WBS take farawa, sauran kuwa yawanci da WBA.

Kiran bidiyo yana da amfani, a sa shi ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora kan injin, ya nuna lamba, ya manna maganaɗisu. Amma iyakar abin da ya tabbatar shi ne akwai inji a gabansa, bai tabbatar shi za a loda maka ba. In kayan suna Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a tura bakanike ko ɗan'uwa da sanda da rula da geji. Kuɗin motarsa bai kai asarar inji ba. Ya auna, ya buga wata alama tasa a jikin bulok da tof, a rubuta lambar inji cikakkiya a rasit mai sunan shago, da sharaɗin kwanakin gwaji, a gaban shaidu, sannan kuɗi su fita zuwa asusu mai sunan da ke kan rasit. Ya tsaya har a loda injin a motar da za ta kawo shi, ya karɓi lambar direba. Dillalin da ya ce shago ba ya son baƙi, a bar masa kayansa.

Wanda kuma ya riga ya tura, ya je bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya shigar da ƙorafi a rubuce da lambar tiransifa, don in kuɗin ba su bar asusun can ba akwai damar a riƙe su. A ɗauki hoton tallar da hirarrakin da saƙon murya kafin a goge. A kai wa 'yan sanda, ko ofishin EFCC na Sakkwato da ke kula da Kebbi da Zamfara. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiya da yaudara. In inji ya iso kuma ana shakkarsa, kada a ɗora shi, kada a buɗe shi, kada a goge lambar. A yi awon sanda a gaban shaidu ana ɗaukar bidiyo daga farko har ƙarshe, a haɗa da rasit da takardar tasha, a fara kai wa shugabannin kasuwar da shagon yake.