Jitar Lucille ta Epiphone: ta yi kyau amma fa ba ta kowa ba ce

Duk wanda ya taɓa ganin hoton marigayi B.B. King, mawaƙi kuma makaɗin jita ɗan Amurka da ya shahara a salon kiɗan buluz, ya san jitar nan, baƙa wuluk tana sheƙi, ƙarafunanta ruwan gwal, ta kwanta a kan tumbinsa shi kuma ya runtse ido yana yatsina fuska. Kamfanin Gibson ne ya fara yin ta da sunan Lucille a 1980, amma kuɗinta ba na talaka ba ne, sai Epiphone wanda shi ma ƙarƙashin Gibson ɗin yake ya riƙa yin mai sauƙin kuɗi. Wadda nake magana a kai ita ce wadda suka fitar a 2021, shekara 6 bayan rasuwar mutumin, ƙirar Sin ce, kuma lokacin da ta fito kuɗinta bai cika dala 1,000 ba. In ka juya shi zuwa naira ko sefa a yau kuma ka ɗora kuɗin kawowa, to sai dai haƙuri.

Abu na farko da za ka lura da shi, babu ramukan nan biyu da ake yanka wa irin waɗannan jitoci a fuska. Cikinta akwai fili ta gefe da gefe, katako ya ratsa tsakiya, amma a rufe take ruf. Ba don ado aka yi haka ba. B.B. King da babban bandi yake wasa, ga masu busa ga ganga ga fiyano, dole ya ƙure amfilifaya, to jita mai rami in ka ƙure mata murya sai ta fara wannan ihun da lasifika ke yi in an kai makirfo kusa da ita a wajen taro. A da tsumma yake cusawa cikin ramukan don ya kashe ihun, daga baya da aka zo yi masa tasa ya ce kawai a toshe su gaba ɗaya. Kuma wallahi dabarar tana aiki, na tsaya daf da amfilifaya na ƙara murya sosai ban ji ta yi kuka ba, sai dai sautin ya daɗe yana ja kafin ya mutu, wanda shi ne ma ake nema. Tunda babu rami sun yi wata 'yar ƙofa a baya ta inda mai gyara zai kai ga wayoyi, duk wanda ya taɓa ganin yanda ake wahalar zaro waya ta ramin fuska zai san wannan ba ƙaramin gata ba ne.

Nauyi kam tana da shi, tana kaiwa wajen kilo 4, in za ka yi wasa a tsaye na dogon lokaci nemi maɗauri mai faɗi. Shi kanshi mai jitar a shekarunsa na ƙarshe a zaune yake wasa, ga tsufa ga ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi.

Sunan Lucille yana rubuce a kan jitar daga sama, kuma labarin sunan ya cancanci a maimaita shi ko da ka sani. A 1949, lokacin sanyi, yana wasa a wani gidan rawa a wani ƙaramin gari da ake kira Twist a jihar Akansas, ɗumama ɗakin da suke yi shi ne su zuba kananzir a durum su cinna masa wuta a tsakiyar fili. Wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture durum ɗin, wuta ta bi ƙasa, kowa ya yi ta kansa. Sai da ya fita waje ya tuna ya baro jitarsa ta dala 30 a ciki, ya koma cikin wutar ya ɗauko ta, saura ƙiris ginin ya rufta masa. Mutum biyu sun mutu a gobarar. Da gari ya waye ya ji ashe a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan, shi ne ya sa wa jitar sunan don ya riƙa tuna wa kansa kar ya sake irin wannan ganganci, kuma duk jitar da ya riƙe bayan nan sunanta kenan. Ma'ana babu wata Lucille guda ɗaya tak ta asali, sun yi yawa, saboda haka masu cewa wai ta Epiphone ba Lucille ba ce ni ban ga hujjarsu ba.

Yanzu maganar sauti, nan ne nake so in daɗe. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya guda biyu ne, irin masu kashe gurnanin lantarki, kuma wannan ya yi min daɗi sosai don in kana amfani da janareta ko wayarin ɗin gida ba shi da kyau ka san yanda wasu jitocin ke ta zzzz kamar me. Na kusa da wuya sautinsa mai kauri ne, zagaye, na ƙasa kuma yana da kaifi amma bai kai ga tsaga kunne ba. Sai kuma wani maɓalli mai matsayi 6 da suke kira Varitone, na 1 ba ya taɓa komai, sauran kowanne yana yanke wani yanki na sautin, yana ƙara sirancewa kana matsawa gaba. Ni na 2 da na 3 nake so, suna ba da wani sauti kamar ta hanci wanda yake ratsa tsakanin sauran kayan kiɗa ba tare da ka ƙara murya ba. Na 5 da na 6 kam sun sirance da yawa a kunnena, ƙarfin ma raguwa yake, ban ga inda zan kai su ba sai dai ko a situdiyo. Akwai kuma ramin waya biyu, in ka sa duka biyun kowane maganaɗisu zai tafi amfilifayarsa daban, abun burgewa ne amma mu nawa ne muke da amfilifaya biyu? A gindi wajen da tsirkiyoyi suka ƙare akwai 'yan ƙananan sukurori na daidaita sauti a hankali, kana cikin wasa sai ka ɗan murɗa da hannun dama, wannan na ji daɗinsa fiye da yanda na zata.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ka jona ta, ka saita komai, ka kaɗa, ba za ka ji B.B. King ba, kanka za ka ji. Sautin mutumin nan a hannunsa na hagu yake. Yana da wani ɗan'uwa, Bukka White, mai wasa da ƙarfe a yatsa yana zamewa kan tsirkiya, shi B.B. ya kasa koyon wannan sai ya ƙirƙiro nasa, ya danna tsirkiya da yatsa ɗaya ya saki babban yatsa daga bayan wuyan jitar ya riƙa karkaɗa hannun duka daga wuyan hannu, sai sautin ya riƙa rawa kamar muryar mutum. Kuma ba ya cika wuri, sai ya ja sauti ɗaya ya yi shiru, ya rera baiti, sannan jitar ta amsa masa, ba ya haɗa waƙa da kaɗawa a lokaci guda. Da bakinsa ya faɗa wa 'yan bandin U2 na ƙasar Ayaland lokacin da suka yi aiki tare a ƙarshen shekarun 1980 cewa shi bai iya haɗa tsirkiyoyi a kaɗa tare ba, a samu wani ya yi. Mutumin da ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy har 15 fa kenan. Kuma in ka duba yanda aka ƙera jitar nan za ka ga duk don wannan salon aka yi ta, tsirkiya ɗaya, a ja ta sama, a bar ta ta yi ta kuka. Katakon da yatsu ke hawa santsi gare shi, jan tsirkiya ba ya wahala, can sama wajen da ya fi yawan zama hannu yana kaiwa ba takura.

Wani lokaci ina kaɗa ta sai in tuna wannan mutum fa a gonar auduga ya taso a Misisifi, an haife shi 1925, Riley sunansa na yanka, ya tuƙa tarakta, ya je Memfis ya samu aiki a gidan rediyon WDIA inda laƙabin B.B. ya samo asali, a shekarar 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342, ya zo Kinshasa a 1974 wajen bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman, bai daina yawo ba sai 2014. Ya rasu 14 ga Mayu 2015 a Las Vegas yana da shekara 89, aka bi da gawarsa ta titin Beale a Memfis aka ɗauko Lucille ɗaya ana tafe da ita a gaba, sannan aka binne shi a Indianola a harabar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa. Wannan hannun da ya yi shekara sama da 60 yana abu ɗaya ba a saka shi cikin kwali a aiko maka.

Shawara ga wanda zai saya a nan wajenmu, hunturu ba ya raga wa katako. In iska ta bushe wuyan jita yana motsi, bakin ƙarafunan da ke kan wuyan su fara kartar hannu, wannan kowace jita ce ba ita kaɗai ba, saboda haka a riƙa mayar da ita cikin jakarta, tana zuwa da jaka mai ɗan tauri, kar a jingine ta a bango. Ruwan gwal ɗin ma gumi yana cin shi, a goge bayan an gama. Kuma ka ware kuɗin wanda zai saita maka tsayin tsirkiya, shagon da na saya haka suka miƙo min ita ba su duba komai ba.

In kai mai raka waƙa ne kana kaɗa tsirkiya shida tare, ko sabon koyo ne, ko kana son jita mara nauyi ta yawon biki, ka kai kuɗinka wani wuri, akwai masu rabin kuɗinta da za su yi maka. In kuwa buluz kake yi ko wani salon da jita ke amsa wa mawaƙi, kuma kana wasa da bandi mai ƙara, ni a wajena ta ci kuɗinta, zan ba ta 8 cikin 10, biyun da na cire na nauyi ne da matsayin Varitone na ƙarshe da ba na taɓawa.