Aikin Sauya Gwiwa a Wani Asibitin Kuɗi a Kano: Yabo da Gyara

An sauya wa mahaifiyata gwiwar dama a wani asibitin kuɗi da ke Kano, a hannun wani likitan tiyatar ƙashi wanda ya ƙware a kan sauya gwiwa da kwatangwalo, kuma tun da ta miƙe 'yan uwa da maƙwabta ke tambayata ko zan ba su shawarar zuwa wurin. Zan ba su, amma da sharuɗɗa, domin aikin likitan daban, tsarin asibitin da yake aiki a ciki daban.

Ciwon Hajiya shi ne wanda ya zama ruwan dare ga mata masu shekaru, musamman masu jiki: guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya zaizaye har ƙashi yana gogar ƙashi, ƙafar ta fara lanƙwashewa, hawa bene ya gagara. Ta daɗe tana shan maganin kashe zafi irin su diclofenac, kuma abin da likitan ya fara yi ke nan a ganinsu na farko, ya tsayar da shi, ya aika a gwada ƙodarta, domin yawan shan irin wannan magani yana taɓa ƙoda kuma yana haddasa gyambon ciki. Bai yi maganar tiyata ba sai da ya sa aka ɗauki hoton gwiwar tana tsaye, nauyinta na kan ƙafar, saboda hoton da aka ɗauka mutum yana kwance yakan ɓoye yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ƙuntata. Ya kuma ƙi sa ranar aiki har sai da sugan jininta ya daidaita, aka kuma cire wani haƙori da ya ruɓe, tun da ƙwayar cuta daga baki ko daga wani gyambo tana iya bin jini ta zauna a kan ƙarfen da aka dasa. A lokacin mun ɗauki wannan a matsayin jan rai, amma duk wanda ya san wahalar gwiwar ƙarfe da ta kamu da cuta, wadda wani lokaci sai an cire ta gaba ɗaya an yi watanni ana magani kafin a mayar da wata, zai gane cewa jinkirin yana cikin aikin.

Inda na fi jinjina masa shi ne maganar sallah. Tambayar Hajiya ta farko ba ta kuɗi ba ce, ba kuma ta zafi ba, ita ce ko za ta koma yin sujada da zaman tahiya a kan darduma. Likitan bai yi mata alkawarin da ba zai cika ba. Ya gaya mata cewa gwiwar da aka sauya takan lanƙwasu zuwa wajen digiri 110 ko 120, wanda ya wadatar wajen tafiya da hawa bene da tashi daga kujera, amma zama a kan dugadugai yana bukatar fiye da haka sosai, don haka ta sa a ranta cewa wataƙila sallah a kan kujera ce za ta ci gaba da yi, sai dai ba tare da azabar da take sha ba. Ya kuma ce mu gyara banɗaki kafin ranar aiki, mu sa masai na zama a madadin na tsuguno, mu ɗaga gadonta, mu kwashe tabarmi da dardumar da za su iya harɗe ƙafa. Hajiya ba ta ji daɗin wannan bayani ba, ta yi kwanaki tana juya maganar, amma da ta amince, ta amince ne da saninta.

Shi aikin kansa bai kai awa biyu ba. An yi mata allurar baya wadda ke kashe rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ba a sa ta barci gaba ɗaya ba. Mutane da yawa suna zaton ana cire gwiwar ne ɗungurungum, alhali abin da ake yi shi ne a shafce saman ƙasusuwan da suka lalace, a rufe ƙarshen ƙashin cinya da hular ƙarfe, a ɗora faranti a saman ƙashin ƙwauri, a sa roba mai tauri a tsakaninsu, a manne ƙarafan da simintin ƙashi. Tushen wannan fasaha yana komawa ga aikin likitan tiyatar ƙashi Sir John Charnley a asibitin Wrightington da ke Ingila, wanda a shekarar 1962 ya daidaita sauya kwatangwalo da ƙarfe da roba da siminti, daga baya aka ɗora aikin gwiwa a kan irin wannan tunani. Washegarin aiki aka tayar da Hajiya ta taka ƙasa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, tana kuka tana cewa ba a tausaya mata, amma tashin da wuri, tare da maganin tsinka jini, shi ne ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa.

Zaman jiran da muka yi ya nuna mini yadda rayuwar irin wannan likita take. Kafin mutum ya kai wannan matsayi a Najeriya sai ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekarar horon farko a asibiti da shekarar bautar ƙasa, sannan ya shafe wasu shekaru biyar ko fiye yana koyon tiyatar ƙashi har ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, kuma da yawansu sukan ƙara da horo na musamman a ƙasashen waje. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959, yana cikin manyan wuraren da ake ba da wannan horo a Arewa. Waɗanda ke layin ganin likitanmu kuwa ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai samari da 'yan mata masu sikila waɗanda kan ƙashin kwatangwalonsu ya mutu saboda jini ya daina isa wurin, akwai kuma waɗanda suka karye aka kai su wurin masu ɗori, suka zo bayan watanni ƙashin ya haɗe a karkace.

Wannan yawan jama'a shi ne asalin koke na farko. Likitan yana raba kansa tsakanin asibitoci, ranakunsa a nan kaɗan ne, kuma sau da yawa sai bayan la'asar yake isowa daga ɗakin tiyata, a gajiye, alhali an ce wa tsofaffi masu ciwon gwiwa su zo tun hantsi, su zauna a kan benci maras majingina. Ba na ɗora masa laifin gajiya, amma asibitin da ke karɓar miliyoyin naira ya kamata ya iya raba wa mutane lokaci.

Koke na biyu ya fi nauyi, shi ne gashin ƙashi. Likitan da bakinsa ya ce rabin nasarar aikin tana cikin motsa gwiwar a makonnin farko, domin idan ta sandare a lokacin, dawo da ita yana da wuya. Duk da haka kuɗin da muka biya bai haɗa da gashi ba bayan sallama, kuma ba wanda ya gaya mana haka sai ranar da za mu tafi gida. Mu muka nemi mai gashi da kanmu, muka riƙa ɗauko ta zuwa gida. Ita ce ta yi fama da Hajiya wajen miƙe ƙafar da lanƙwasa ta, ita ce kuma ta lura da kumburin da ya sa muka koma da wuri aka duba, aka tabbatar ba wata matsala ba ce. Haka nan takardar kuɗin ta zo mana dunƙule, kuma farashin ƙarfen ya tashi tsakanin ranar da aka faɗa mana da ranar biya, aka ce dala ce ta motsa. Gaskiya ne daga waje ake shigo da waɗannan kaya, daga kamfanoni irin su Zimmer Biomet da Stryker da DePuy, amma ana iya rubuta wa mutum farashi tare da wa'adin da zai tsaya a kansa.

A yau Hajiya tana zagaya gida ba sanda, tana barci ba tare da zafi ya tashe ta ba, tana sallah a kan kujera kamar yadda aka gaya mata, kuma ta fara maganar gwiwar hagu. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kai shekara 25, sai dai waɗanda ba su kai ba dole a sake musu aiki, kuma likitan da zai sake yana bukatar sanin kamfani da samfuri da girman abin da ke cikin ƙafar. Kowane ƙarfe yana zuwa da ɗan tambarinsa da ake liƙawa a fayil. Asibitin bai ba mu kwafinsa ba sai da na nema a rubuce, don haka duk wanda zai je ya sa wannan cikin abin da za a yi yarjejeniya a kansa tun kafin biyan kuɗi, tare da adadin zaman gashin ƙashi da sunan wanda za a kira idan gwiwar ta yi zafi ko ta fara fitar da ruwa cikin dare.