Zuba 'ya'yan kifi ko gyaran fadama: wanne zai dawo da kifi Hadejia da Nguru?

Duk lokacin da masunta suka koka cewa kifi ya yi ƙaranci, shawara biyu ake kawowa.

Ta farko ita ce a sayo 'ya'yan tarwaɗa ko karfasa daga gidan ƙyanƙyasa a zuba a ruwa. Tana da sauri, kowa kuma zai gani da idonsa. Amma kifin da ya girma a kwami bai san tsuntsu ba, bai san giwan ruwa ba. Wanda ya tsira kuwa, masu jan gidan sauro da masu zuba guba cikin dare za su kwashe shi tun bai kai ɗan yatsa ba.

Ta biyu, wato gyaran fadama, ta fi wuya, ita ce kuma nake goyon baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, alhali a cikin ciyawar da ambaliya ta shanye kifi yake zuba ƙwai. Ruwan da ake saki daga madatsun, wanda ba ya janyewa da rani, ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, har kwalekwale ya kasa ratsawa. Gyara a nan shi ne a sare kachala, a yashe hanyoyin, a riƙa sakin ruwa daga madatsun daidai da lokacinsa. Aikin shekaru ne, yana kuma buƙatar Kano da Jigawa da Yobe su yi magana ɗaya, tare da sarakunan ruwa masu ikon hana kamun kifi a lokacin haihuwarsa.