Hattara da masu tallar "katin zamani" a Katsina da Daura

Jama'a, musamman 'yan kasuwa, 'yan kwangila, teloli da masu shagunan kaya, akwai tallar da ya kamata a buɗe ido a kanta, ta katin roba da ake cewa zai maye gurbin katin takarda mai suna da lambar waya da ake ba abokan ciniki. Wani lokaci ta WhatsApp take zuwa, wani lokaci saurayi ne tsaf-tsaf zai shigo shago a Babbar Kasuwa ko ofis a titin IBB riƙe da katin roba mai sheƙi. Sai ya ce, "Alhaji, ara mini wayarka ka ga abin mamaki." Ya ɗora katin a bayanta, nan take suna da hoto da lamba su bayyana. Daga nan sai ya shiga kirari: katin takarda ya zama tsohon yayi, wannan guda ɗaya ya ishe ka har abada, a biya yau a karɓa mako mai zuwa.

Fasahar gaskiya ce, kuma akwai masu sayar da ita tsakani da Allah. Ana kiranta NFC. A cikin robar akwai 'yar ƙwaƙwalwa da siririyar waya da aka naɗe ta zama eriya. Babu batir, daga wayarka take samun wuta idan tazarar ba ta wuce santimita 4 ba ko kusa da haka. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa iri uku ne: NTAG213 mai ɗaukar bayit 144, NTAG215 mai 504, da NTAG216 mai 888. Bayit ɗaya kusan harafi ɗaya ne. To ka ga ko hoton fasfo ba zai shiga ciki ba. Duk wanda ya ce maka katin na ɗauke da hotunan kayanka da bidiyon shagonka, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani yana yi maka rufa-ido. Abin da ke ciki galibi layi ɗaya ne tak, adireshin wani shafi a intanet. Hoton da ka gani daga can ya fito.

A nan cutar take. Idan shafin na mai tallar ne, katin da ke aljihunka nasa ne, kai dai ka biya kuɗin roba. Bayan wata ɗaya ko uku, mai sayen kayanka zai taɓa katin ya ga an rubuta cewa wa'adi ya ƙare, sai an sabunta. Ka kira, a ce ai kuɗin farko na bugu ne, na shekara daban. Ka ƙi biya, katin ya mutu. Wannan ma mai sauƙi ce. Mai shafin yana iya karkatar da adireshin daga ɗakinsa ba tare da ya taɓa katinka ba, ya mai da shi shafin caca, ko na bashin gaggawa, ko wanda aka yi wa kama da na banki yana neman lambar kati. Wanda ka miƙa wa da hannunka a wurin ɗaurin aure ko taron 'yan kasuwa ba zai yi zargi ba, tunda sunanka ne a jiki. Ranar da aka kwashe masa kuɗi, ƙofarka zai buga.

Haka lambar QR, zanen ɗigogin nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, da suke bugawa a bayan katin. Iri biyu ce. Akwai wadda sunanka da lambarka suke cikin zanen kansa, ɗigoginta cunkus, ba ta mutuwa kuma ba wanda zai canza ta. Akwai mai ɗauke da gajeren adireshi da ke bi ta shafin wani, ɗigoginta tsilla-tsilla. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: kashe data da Wi-Fi, sannan ka haska kyamara. Idan wayar ta ce a ajiye lamba, bayanan na ciki. Idan ta tsaya tana neman intanet, adireshi ne a ciki, in kuma ba naka ba ne, akwai mai riƙe da akalar.

Mafi muni shi ne abin da suke kira "kunna kati". Kati ba ya bukatar kunnawa da BVN ko NIN ko ranar haihuwa ko lambar ATM. Suna, sana'a, lambar waya, adireshin shago, shi ke nan. Idan aka ce lamba shida za ta shigo wayarka ka karanto, wannan lambar rajistar WhatsApp ɗinka ce, kana faɗa sun ɗauke shi, kafin la'asar an fara roƙon kuɗi da sunanka a zauren dangi da na masallaci. Wasu ba sa ma tambayar lamba. Za su karɓi wayar, su shiga wurin da ake haɗa WhatsApp da kwamfuta, su haska wata QR, su miƙo maka abarka suna murmushi. Kai kana ganin komai lafiya, su suna karanta hirarka da abokan ciniki, har su san wa ake bin bashi da ranar da zai biya. Wasu kuma fayil suke turowa mai ƙarewa da .apk, wai manhajar katin. Kana sakawa zai nemi izinin karanta saƙonni, kuma ta saƙo ne banki ke turo lambar amincewa da fitar da kuɗi.

Akwai kuma ɓangaren dillanci, a ce ka sayi kati hamsin ka zama wakilin Daura, ka kawo mutum biyar a ba ka kaso. Inda ribar ke fitowa daga kawo mutane ba daga sayar da kaya ba, kowa ya san ƙarshenta tun zamanin MMM a 2016.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba: yawancin ƙananan wayoyin Itel da Tecno da Infinix da ke hannun mutanenmu ba su da NFC sam. Duba saitin wayarka ka rubuta NFC a wurin bincike, in bai fito ba babu. A iPhone, daga XS zuwa sama ne ke karantawa da kansa, ta saman wayar, kuma adireshi yake ganewa, ba lambar da aka rubuta kai tsaye ba. Katin ƙarfe mai nauyi da ake tsawwala wa kuɗi, ƙarfen kansa yana toshe sigina sai an sa masa wani shimfiɗi na musamman a ƙarƙashin eriyar. Da yawa ado ne kawai.

Idan duk da haka kana son katin, saka manhajar NFC Tools daga Play Store ko App Store, kyauta ce. Kafin ka biya ko sisi, ɗora samfurin a wayarka. Za ta nuna irin ƙwaƙwalwar, girmanta, adireshin da ke ciki, da ko an kulle ta. Kullewa ba ta warwaruwa, don haka katin da ya zo a kulle da adireshin wani ba shi da gyara, a bar shi. Wanda yake a buɗe, kai za ka rubuta naka: wa.me/234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, ko shafinka na Facebook ko Instagram. Gwada a wayoyi biyu, sannan ka kulle da hannunka don kada wani ya sauya. Katin da ba a rubuta komai ba kaya ne mai araha da ake saye da yawa a kwali, abin da ya cancanci kuɗi shi ne bugun sunan a jiki. Kada a biya duka kafin a ga kaya, a karɓi rasit, a kuma duba sunan kamfanin a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Asusun da sunansa ya saɓa da na kamfanin, a dakata.

WhatsApp Business ma yana ba ka QR taka kyauta a cikin saiti, haka LinkedIn. Kai ta wurin mai buga kati ya sa a katin takarda ko sitika a ƙofar shago, kusan kowace wayar Android ko iPhone mai kyamara za ta karanta.

Wanda ya riga ya faɗa hannu, ya fara da WhatsApp: ya duba na'urorin da aka haɗa ya fitar da duk wadda bai sani ba, ya saka makullin tsaro na biyu mai lamba shida. In an riga an ƙwace, ya sake rajista da layinsa, hakan zai kori ɓarawon, sai dai in ɓarawon ya saka nasa makullin, to jiran na iya kai kwana 7. Wanda ya saka fayil ɗin .apk ya kashe data, ya goge shi, ya je banki da kansa a toshe kati a canza lambar sirri. A ajiye hoton hira da alat ɗin tiransifa da lambar asusun da aka tura wa, da su ake kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Katunan da aka riga aka raba kuwa, a bi mutanen da kira ɗaya bayan ɗaya a ce kada su taɓa.