Shagon nutso a Dahab da ya tambaye ni goro nawa nake ci

Daga Alkahira zuwa Dahab motar dare ce: ka kwana a hanya, gari ya waye kana bakin Bahar Maliya, a kudancin Sina'i. Shagunan koyar da nutso birjik suke a gaɓar tekun. A wani ƙarami kusa da Lighthouse, wani wurin nutso a garin, na yi kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da takardar shaidar nutso. Kwas ɗin ke ba mutum izinin sauka har mita 18. Kuɗinsu ba araha ba ne, kayansu kuma sun ɗan sha jiki, amma zan tura ƙanena wurinsu ba tare da fargaba ba, saboda malamin da ya koyar da mu.

Bayan takardar lafiya da kowa ke cikewa, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kofi ko shayi nawa muke sha a rana. Na ce shayi da safe, goro bayan azahar. Bai san goro ba. Na ɓare masa ɓari guda, ya tauna, ya yamutse fuska. Da na gaya masa akwai kafeyin a ciki, ya ce to shi ma a sa shi cikin lissafi.

Bai hana kowa ba. Ya ce wanda ya saba, idan ya yanke lokaci guda, ciwon kai kan taso masa cikin awa 12 zuwa 24, su kuwa ba sa wasa da ciwon kai bayan an fito daga ruwa, don yana iya zama alamar kumfar iskar naitirojin a jiki, ciwon da kan kama masu nutso. Don haka sha abin da ka saba, kada ka rikita musu alamu, amma kada ka ƙara ko kurɓi ɗaya. Kafeyin kan kai ƙololuwarsa a jini cikin awa guda, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan. Yana ɗaga bugun zuciya, sabon shiga kuwa dama gabansa faɗuwa yake. Numfashi ya yi sauri, iska ta tafi. A mita 10 kowane numfashi yana cin ninki biyu na abin da yake ci a saman ruwa, tukunyar iskar da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) kuma dole ka fito da sauran 50.

Akwai wani saurayi Bature a rukuninmu da ya shanye gwangwani biyu na lemon ƙara kuzari kafin mu shiga, ga shi ƙaramin gwangwani ɗaya na ɗauke da wajen miligiram 80 na kafeyin. Shi ya fara nuna wa malam alamar iska ta yi ƙasa, duk muka juyo saboda shi. Ba zan ɗora wa gwangwanin laifin duka ba, yaron dama akwai rawar kai, amma hannunsa na ta karkarwa tun yana ɗaura bel.

Sai maganar fitsari, wadda ba a cika faɗa ba. Sanyin ruwa da matsinsa kan turo jini zuwa ƙirji, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, ta shiga zubarwa. Iskar tukunya busasshiya ce, ga ranar Sina'i. Gudummawar kafeyin a nan kaɗan ce ga wanda ya saba, sai dai jiki na bushewa ta ko'ina, kuma ana lissafa ƙarancin ruwa cikin abubuwan da kan iya ƙara haɗarin ciwon kumfar nan. Shagon na ajiye ruwan sha kyauta, da zoɓo mai sanyi wanda babu kafeyin a cikinsa. Ga mai sallah kuma, rigar robar haya abin dubawa ce, don ba ka san ko wanda ya riga ka sawa ya yi fitsari a ciki ba. Suna da banɗaki mai shawa, kuma ba sa gaggauta mutum.

Inda suka gaza: firjin bakin ƙofa cike yake da lemon kuzarin da malaminsu ke gargaɗi a kai. Shayin Badawiyyai da ake zagayawa da shi tsakanin nutso da nutso, baƙin shayi ne mai sukari kamar me, ana ta ƙara maka, babu mai ƙirgawa. Wasu rigunan ma wari suke, sai ka zaɓa da hanci.

Ba sa kai sabon shiga zurfin Blue Hole, wani rami mai zurfi a cikin teku kusa da Dahab, ko ya roƙa. Kuma tun ranar farko za su tambaye ka yaushe jirginka zai tashi daga Sharm el-Sheikh, don sai an bar aƙalla awa 18 bayan nutson kwanaki a jere kafin a hau jirgi, saboda hawa sama kan iya tayar da ciwon kumfar nan. Hawan Dutsen Sina'i, mai tsayin mita 2,285, shi ma sun ce a yi shi kafin a fara kwas.