CenterPoint Sniper 370: Bakan Farko Ga Mai Son Farauta Da Kuɗi Kaɗan

Baka mai kunama baka ne da aka kwantar a kan gindi irin na bindiga. Ana ɗana tsirkiya ta maƙale, a ɗora kibiya, a yi saiti da madubi, sannan a ja kunama. A Amurka da Kanada kasuwarsa ta fi ƙarfi, saboda farautar barewa mai farin wutsiya a lokacin kaka. Jihar Ohio ta halatta shi tun 1976, wasu jihohin kuma har yau suna da sharuɗɗa, don haka dokar jiha ake fara dubawa kafin farashi. A Birtaniya kuwa dokar 1981 ta haramta harbin kowace dabbar daji da baka kowane iri.

Masu tsada irin na kamfanin Ravin da manyan samfuran kamfanin TenPoint sukan wuce dala 1,000. Sabon shiga ba ya buƙatarsu. Sniper 370 na kamfanin CenterPoint an riƙa sayar da shi ƙasa da dala 350, kuma a kwali ɗaya za a samu bakan, da madubin saiti mai kusanto da abu sau 4, da kwari, da kibiyoyin kabon masu inci 20, da igiyar ɗanawa. Nauyin jansa laba 185 ne, kusan kilo 84. Gudun da kamfanin ya rubuta ƙafa 370 ne a daƙiƙa, wato mita 113. Gindinsa yana tsawo yana gajarta, abin da ke taimakon wanda zai sa rigar sanyi mai kauri a watan Nuwamba.

Kada adadin gudun ya ruɗi mai saye. Kamfanoni sukan auna shi da kibiya mara nauyi, kibiyar farauta kuwa da tsininta takan kai giren 400 ko fiye, kimanin giram 26, sai gudun ya ragu. Wannan ba asara ba ce. Kibiya mai nauyi ta fi nutsewa a jikin dabba, ta fi rage ƙarar baka, ta kuma fi sauƙi ga hannuwan bakan, wato sassa biyun da ke lanƙwasawa idan an ja tsirkiya. Ko bakan da ke gudun ƙafa 300 ya ishi barewa a yadi 30. Ƙara ce babbar matsala: sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, ninki uku na gudun kibiya, saboda haka barewa tana jin harbin kafin kibiya ta iso, ta durƙusa don ta zabura, kibiyar ta same ta a gadon baya ko ta wuce ta sama. Shi ya sa masu hankali suke tsayawa a yadi 30 zuwa 40, ko da bakan yana iya huda buhun gwaji a yadi 60.

Inda Sniper 370 ya nuna arahar sa shi ne madubi da kunama. Layukan da ke cikin madubin an yi su ne don yadi 20, 30, 40 da sama, amma ba su da maɓallin daidaita su da gudun kibiyar da mutum ya zaɓa. Sai a saita layin sama a yadi 20, sannan a gwada kowane layi a fili a rubuta ainihin nisan da yake bugawa. Da asuba da magariba, lokacin da barewa ta fi fitowa, gilashin ba ya tara haske sosai. Kunamar kuma tana da ɗan ja kafin ta saki. Wanda wannan ya dame shi ya duba Barnett Whitetail Hunter II, mai gudun ƙafa 350, wanda ke da kunamar kamfanin TriggerTech mai saki tsaf, kuma ya fi sauƙin ɗauka da fiye da rabin kilo. Ya ɗan fi tsada.

Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa baka daga hannun mai shi take fitowa. Igiyar ɗanawa tana rage nauyin ja da kusan rabi, amma babban amfaninta shi ne ta kawo tsirkiya daidai tsakiya. Idan aka ja da hannu tsirara, gefe ɗaya yakan rinjayi ɗaya, kibiya ta riƙa kaucewa hagu yau, dama gobe. A sa wa tsirkiyar alama da farin fenti a gefe biyu na kwararon da kibiya ke kwanciya, don a ga ko ta zauna daidai. Gindin kibiyar wannan baka mai siffar jinjirin wata ne: gashin da launinsa ya bambanta yana kallon ƙasa cikin kwararo, tsagin yana kwance daidai da tsirkiya, a tura kibiyar har ta taɓa. In ba haka ba tsirkiya za ta tsallake ta, ya zama an harba baka babu kibiya, ƙarfin duka ya koma cikin hannuwansa ya tsaga su. Akwai makarin da ke hana harbi idan babu kibiya, sai dai ba ya gane kibiyar da aka ɗora a karkace. Yatsun hannun gaba kuma su zauna ƙasa da kwararo koyaushe, domin tsirkiya mai laba 185 tana iya cire babban yatsa.

A shafa kaki a tsirkiya idan ta fara gashi, ban da tsakiyarta da aka naɗe da zare, a kuma ɗiga man kwararo bayan harbi goma zuwa ashirin. A duba kusoshi bayan harbin farko-farko, girgiza tana kwance su. In an dawo daga daji ba a harba ba, kada a yi ƙoƙarin sauke tsirkiya da hannu, a harba tsohuwar kibiya cikin buhun gwaji. Canjin tsirkiya bayan shekara 2 zuwa 3 sai a shago mai injin matse baka, saboda ƙananan tayoyin da ke bakin hannuwansa. Mazaunin nesa da irin wannan shago gara ya nemi bakan kamfanin Excalibur na Kanada, wanda ba shi da tayoyi kuma mai shi yana canja tsirkiyarsa da kansa, ko da yake ya fi faɗi ya fi kuɗi.

A ware kamar dala 150 bayan kuɗin baka: ƙarin kibiyoyi 6, tsinin farauta mai wuƙaƙe na giren 100, buhun gwaji da aka yi don wannan gudu, da kaki. Kibiyar maharban ƙasar Hausa da dafi take aiki, wannan kuwa da kaifi da zubar jini take kisa, don haka tsinin da ya dakushe ba ya komawa kwari. A sadaukar da tsini ɗaya don gwaji, domin mai wuƙaƙe ba lallai ya sauka inda tsinin gwaji marar wuƙaƙe yake sauka ba.